HUTU MA CIKIN HORO YAKE

1. Wa da ƙane

Shekarar da na fara koyarwa a Yamai, akwai wasu yara biyu a makarantarmu, wa da ƙane. Wan yana aji shida, ƙanen yana aji biyar. Dukansu ƴan ƙwallo ne. Wata rana aka ce makarantarmu za ta kara da makarantar wata unguwa, saura mako uku. Na tara yara, na ce musu:

— Gudu kam kun iya. Abin da ya rage muku shi ne saiti. Kowa ya je ya koyi harba ƙwallo cikin raga.

Wan ya ɗauki maganar da zafi. Da an tashi daga makaranta sai ya aje jaka, ya nufi fili. Yana harbi har magariba. Bayan cin tuwo ya koma ƙarƙashin fitilar titi, ya jera duwatsu biyu, ya ci gaba har dare ya raba. Asabar da Lahadi kuwa tun hantsi yake farawa.

Ƙanen bai samu wannan dama ba. Shi ke ɗebo wa gida ruwa, shi ke ba tumaki haki. Yana ɗan harbi da safe kafin a shiga aji, ya ƙara kaɗan da la'asar. Ran Laraba da ran Lahadi ba ya taɓa ƙwallo, don yana raka babansu lambu a bakin kogin Isa. Da an yi lisha barci ya kwashe shi. Ya zo wurina idonsa da hawaye, ya ce:

— Malam, yayana zai fi ni. Ni ba a bari na in yi.

Ni kuwa na ce masa ya yi haƙuri. Har na tsai da wan gaban aji, na ce kowa ya yi koyi da ƙwazonsa. Nan na yi kuskure.

A mako na biyu wan ya fara gyangyaɗi cikin aji. Harbinsa ya lalace: ƙwallo ta bi sama, ƙwallo ta bi gefe. Da ya ga haka sai ya ƙara lokaci. Saura kwana huɗu a yi wasa, gwiwarsa ta kumbura. Aka kai shi likita, aka ce kada ya yi gudu sai bayan wata guda. Ranar wasa yana zaune bakin fili, ƙafa a ɗaure. An ci mu biyu, mun ci ɗaya. Ɗayan nan ƙanen ne ya zuba ta.

Labarin yara biyu bai isa ya zama hujja ba. Amma shi ya sa na nemi sanin abin da masana suka gano a kan hutu da koyon wasa. Shi ne darasinmu na yau.

2. Wa ke koyon wasa, ƙafa ko kai?

Ku tuna ranar da kuka fara hawa keke, ko ranar da kuka fara langa. Jiki yana rawa, ƙafa ba ta jin magana. Yau kuwa kuna yi ba tare da tunani ba. Me ya sake? Ƙafar ita ce dai ta jiya. Ƙwaƙwalwa ce ta koya.

Ƙwaƙwalwa ita ce mai ba da umurni. Tana aika saƙo ta cikin jijiyoyi zuwa ga tsoka. Tsoka ta ja ƙashi, gaɓa ta motsa. Harbin ƙwallo guda ɗaya yana bukatar tsoka da yawa: ta cinya, ta ƙwauri, ta baya, ta ciki. Dole kowace ta ja a lokacinta, da ƙarfin da ya dace. In ɗaya ta riga, ko ta makara, ƙwallo ta kauce.

Kun san yadda turba ke fita cikin daji. Mutum ɗaya ya bi, haki ya kwanta. Gobe wani ya bi, jibi wani ya bi, har hanya ta fito sarai. Haka saƙo ke fid da turbarsa cikin ƙwaƙwalwa. Maimaitawa ce ke buɗe ta.

Amma akwai wani aiki bayan maimaitawa. Ku dubi mai ginin rumbu. Yana ɗora laka zagaye kaɗan, sai ya bar ta ta sha iska. In ta bushe ya dawo ya ɗora wata. In ya yi gaggawa ya ɗora ɗanya bisa ɗanya, rumbu ya zube. Lokacin da laka ke bushewa, magini ba ya taɓa ta, amma gini yana yin ƙarfi. Sabon abin da aka koya kamar ɗanyar laka yake. Yana son lokaci don ya kafu.

Hutun da ɗan wasa ke bukata iri uku ne: gajeren hutu a tsakiyar horo, hutu tsakanin horon yau da na gaba, da barcin dare.

3. Gajeren hutu

A shekara ta 2019 wasu masana a Amurka, a babbar cibiyar binciken lafiya ta ƙasar, suka yi wani gwaji. Suka zaunar da mutane gaban kwamfuta. Aka ce kowa ya buga lambobi biyar da hannun hagu: 4, 1, 3, 2, 4. Ya yi ta bugawa da sauri har daƙiƙa 10, ya huta daƙiƙa 10, ya sake. Haka aka yi fiye da sau 30.

Da aka auna sai aka ga abin mamaki. Cikin daƙiƙa 10 na bugu, saurin mutum ba ya ƙaruwa sosai. Amma in ya huta ya dawo, sai ya fara da saurin da ya fi na ɗazu. Ashe yawancin ci gaban farko a lokacin hutu yake zuwa.

A 2021 masanan wannan cibiya suka duba aikin ƙwaƙwalwa da na'ura. Suka ga cewa lokacin da hannu ke hutawa, ƙwaƙwalwa tana tilawar abin da aka koya, tana yi kuwa da saurin da ya ninka na hannu kamar sau 20. Waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta fi yawan tilawa su suka fi ci gaba.

Akwai masanan da ke cewa wani kashi na wannan ci gaba gajiya ce kawai ta saki hannu. Suna nan suna muhawara. Amma ko tilawa ce, ko sakin gajiya ne, amfanin ɗaya ne ga ɗan wasa: wanda ya ɗan tsaya ya fi yin daidai in ya dawo.

Ga wani dalili kuma. Cikin tsoka akwai ɗan tanadin ƙarfi na gaggawa, wanda ake tsalle da shi, ake fizgar gudu da shi. Ba ya kai fiye da kamar daƙiƙa 10 in ana aiki da iyakar ƙarfi. In an tsaya, rabinsa yana dawowa cikin kamar rabin minti, ya cika cikin minti 3 zuwa 5. Yaron da ya ƙi tsayawa, da tsoka marar tanadi yake harbi. Harbin ya karkace, shi kuwa yana ta maimaita karkataccen. Turbar da yake fitarwa ke nan, kuma gyaran ta ya fi koyon fari wuya.

Shi ya sa dokokin wasanni da kansu suka aje hutu. A ƙwallon ƙafa akwai minti 15 tsakanin rabin farko da na biyu. A damben zamani, bayan turmi na minti 3 ana hutun minti 1. A tekwando turmi uku ne, kowane minti 2, da hutun minti 1 a tsakani.

4. Kaɗan-kaɗan, kullum-kullum

Ga tambaya. Kana da awa 6 na koyon wasa cikin mako. Ka haɗa su duka ran Lahadi, ko ka raba su awa guda-guda?

A 1978 wasu masana biyu a Ingila, Baddeley da Longman, suka ba da labarin gwajin da suka yi da ma'aikatan gidan waya. An kawo sabuwar na'urar raba wasiƙu, dole ma'aikata su koyi buga rubutu da yatsu. Aka kasa su kashi huɗu. Kashin farko suna koyo awa 1 a rana. Na biyu awa 1 sau biyu. Na uku awa 2 a zama ɗaya. Na huɗu awa 2 sau biyu, wato awa 4 a rana.

Da aka ƙidaya awoyin da kowane kashi ya ci kafin ya iya, masu awa 1 a rana su suka fi kowa saurin koyo. Masu awa 4 su suka fi ɓata awoyi. Bayan watanni aka sake gwada su, masu awa 4 su suka fi mantuwa.

Ku ji kuma wani abu. Da aka tambayi ma'aikatan, masu awa 1 su suka fi ƙorafi. Suna ganin koyonsu yana jan kwanaki, abokansu sun riga su gamawa. Kukan da ƙanen nan ya kawo mini ke nan. Wanda ya tara horo wuri ɗaya yana jin kamar ya yi babban aiki, domin ya gaji. Gajiya daban, iyawa daban.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. A makarantar allo ana karatu da asuba, a tashi, a dawo da marece. Alhamis kuwa hutu ce. Manomi ma yakan bar gona ta huta, ta zama saura, wadda wasu ke ce wa maiso, don ta dawo da ƙarfinta. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Sun kuma ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

5. Barci

Babban hutu shi ne barcin dare. A 2002 wani masani mai suna Walker da abokan aikinsa a jami'ar Harvard ta Amurka suka koya wa mutane buga lambobin nan biyar da yatsun hagu. Waɗanda suka koya da ƙarfe 10 na safe, da aka gwada su ƙarfe 10 na dare, saurinsu bai ƙaru wani abin kirki ba. Amma da suka kwana suka tashi, saurinsu ya ƙaru da kamar kashi 20 cikin 100, alhali ba su ƙara ko minti ɗaya na koyo ba. Waɗanda suka koya da dare suka kwanta, su ma da safe aka tarar sun ci gaba.

To ƴan wasa na gaske fa? A 2011 aka fito da sakamakon wani bincike a jami'ar Stanford. An ɗauki ƴan ƙwallon kwando 11. Aka ce kowa ya riƙa kwanciya awa 10 kowane dare, har mako 5 zuwa 7. Da aka auna, jifansu cikin kwando ya ƙara kyau da kamar kashi 9 cikin 100. Gudun da suke yi cikin daƙiƙa 16,2 ya koma daƙiƙa 15,5.

Barci yana kuma kare jiki daga rauni. A 2014 aka fito da sakamakon wani bincike a kan ƴan makaranta 112 masu wasa a Kaliforniya. Waɗanda barcinsu bai kai awa 8 ba sun fi samun rauni, har ninki 1,7 bisa ga masu awa 8 ko fiye. Mai jin barci idonsa ba ya saurin gani, ƙafarsa ba ta saurin kaucewa.

Cikin barci mai nauyi ne kuma jiki ke fi sakin sinadarin da ke sa yaro girma, ke gyara tsoka. Likitoci masana barci sun ce yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12 cikin kwana guda. Mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10.

Ku lissafa da kanku. In kana tashi ƙarfe 6 na safe, kana son barcin awa 9, ƙarfe nawa za ka kwanta? Ƙarfe 9 na dare. Amma da yawa cikinku a wannan lokaci suna ƙofar mai shago suna kallon ƙwallon Turai, ko suna riƙe da wayar yayansu. Ɗan wasan da kuke kallo cikin talabijin yana da masu lura da barcinsa. Ku kuwa ku ne za ku lura da naku.

A lokacin zafi ɗaki ba ya kwantuwa. Ku yi shimfiɗa a tsakar gida, cikin gidan sauro. In dare bai ishe ku ba, ɗan barcin rana na minti 20 zuwa 30 yana taimako.

6. Tsoka, ƙashi da zafin Yamai

In ka yi horo mai ƙarfi, tsoka tana samun ƴan ƙananan tsage-tsage da ido ba ya gani. Shi ne tsamin jikin da kake ji washegari. Jiki yana ɗinke su da abinci da ruwa da barci, cikin kwana ɗaya ko biyu. In ya ɗinke, tsoka ta fi da ƙarfi. In ka koma horo mai ƙarfi kafin a gama ɗinki, sai ɓaraka ta ƙaru.

Yaro kuwa ya fi babba haɗari, domin ƙashinsa yana cikin girma. A bakin dogayen ƙasusuwa akwai wuri mai taushi inda ƙashi ke ƙara tsawo. Yawan gudu da tsalle da harbi ba hutu suna jan wannan wuri, musamman a ƙasan gwiwa da kuma dunduniya. Abin da ya sami wan ke nan. Likitocin yara suna ba da shawara: cikin kowane mako a bar wasan da aka fi yi kwana ɗaya ko biyu.

Ku bambanta tsamin jiki da ciwo. Tsami yana cikin nama, yana tafiya bayan kwana biyu ko uku. Ciwo yana wuri ɗaya, a gaɓa ko a ƙashi, yana sa ɗingishi, wani lokaci da kumburi. In ka ji irin wannan, ka tsaya, ka gaya wa malam ko iyaye. Ɓoye ciwo ba jarunta ba ce.

Sai zafi. A Yamai, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40. Jiki yana sanyaya kansa da gumi, gumi kuwa ruwan jiki ne. In ruwa ya ragu, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya, ba a kuwa koyon kome da hankali a rabe. Ko manyan ƴan wasa ana tsai da su. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, alƙali ya tsai da wasan Holan da Meziko don a sha ruwa, saboda zafi.

Saboda haka a bazara ku yi wasa da sassafe ko bayan la'asar sakaliya. Ku sha ruwa kafin ku fara. Kowane minti 15 ko 20 ku shiga inuwa ku ƙara sha. In fitsarinka ya yi ja, ruwa ya yi maka kaɗan. In abokinka ya ce kansa na ciwo, ko yana jin jiri, ko amai, ku kai shi inuwa, ku zuba masa ruwa a jiki, ku yi masa fifita, ku kira babba. In maganarsa ta rikice ko ya suma, a kai shi likita nan take.

7. Ƴan wasanmu

Kokowa ita ce sarauniyar wasanni a Nijar. Tun zamanin kakanni tana da lokacinta. Da damina samari suna gona. In kaka ta yi, an cika rumbu, sai ganga ta tashi a dandali, da marece ko da farin wata, lokacin da rana ta yi sanyi.

An fara kokowar ƙasa ta neman takobi a 1975 a Tawa. Yakuba Kantu na Maraɗi shi ya fara ɗaukar takobi, filin kokowar Maraɗi ma sunansa yake ɗauke da shi. A tsarin da aka saba, jahohi 8 ke zuwa, kowace da ƴan kokowa 10, wato 80 ke nan. Ana yin kamar kwana 10. Wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi. Kadri Abdu, wanda aka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi na shida a Agadas a ƙarshen 2023.

Ku yi tunani a kan kwana goman nan. Karawa kanta ba ta daɗewa, wata ma cikin ƴan daƙiƙu an gama. Sauran yini da dare duka shiri ne na karawar gobe. Wanda ya yi nasara yau, ya kwana yawo cikin gari, gobe da jikin jiya zai shiga fili. Mai son kai wa ranar ƙarshe dole ya iya kokowa, dole kuma ya iya hutawa.

A wasannin Olimpik Nijar ta samu lambarta ta farko a 1972 a birnin Munik na Jamus. Isaka Dabore ya ciwo tagulla a dambe. Bayan shekara 44, a 2016 a birnin Riyo na Brazil, Abdul Razak Isufu Alfaga ya ciwo azurfa a tekwando. Karawa huɗu ya yi cikin yini ɗaya. Tsakanin karawa da karawa akwai awoyi, tsakanin turmi da turmi akwai minti guda. Wanda bai iya amfani da wannan minti ba, ya sauke numfashi, ya sha ruwa, ya saurari mai horonsa, ba ya kai wa karawa ta huɗu. A 2017 Alfaga ya zama zakaran duniya a Muju, cikin Koriya ta Kudu.

8. Hutu ba lalaci ba ne

Kada wani ya je gida ya ce malam ya ce a kwanta. Magini da bai ɗora laka ba, ba abin da zai bushe masa. Ƙwaƙwalwa ba ta tilawar abin da ba a ba ta ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya riƙa motsa jiki aƙalla minti 60 kowace rana.

Ranar hutu ma ba ranar zama ba ce. Ɗan ƙwallo ya yi tafiya, ya hau keke, ya taya aikin gida. Yarinya mai ƙwallon hannu ta yi tsallen igiya kaɗan, ko carafke. Abin da ake so shi ne gaɓar da ta sha aiki jiya ta samu sauƙi yau.

In hutu ya yi yawa kuma akwai hasara. Wanda ya bar gudu mako uku ko huɗu, numfashinsa yana raguwa. Iyawa kam tana daɗewa, shi ya sa ba a mance hawan keke. Amma ƙarfi da numfashi suna son a riƙa waiwayarsu.

Ga misalin mako na ɗan makaranta mai koyon ƙwallo:

Litinin: koyon saiti, minti 30.
Talata: gudu da wasa tare da abokai.
Laraba: hutu, tafiya da aikin gida.
Alhamis: koyon saiti da tare ƙwallo, minti 30.
Juma'a: wasa marar ƙarfi, kamar langa ko igiya.
Asabar: babban wasa.
Lahadi: hutu.
Kowane dare: kwanciya ƙarfe 9.

Wan da na ba ku labari ya warke. Shekara ta gaba ya shiga kwaleji, ya zo gaishe ni. Na ce masa ya yafe mini yabon da na yi masa gaban aji. Ya yi dariya, ya ce:

— Ba kome, Malam. Yanzu ran Laraba ni ke raka Baba lambu.

A RIƘE

Ƙwaƙwalwa ce ke koyon wasa, tana kuma ci gaba da aiki lokacin hutu.
Horo kaɗan cikin kwanaki da yawa ya fi horo mai yawa cikin kwana ɗaya.
Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12.
In gaɓa na ciwo, a tsaya, a gaya wa babba.

KALMOMI

horo: maimaita wasa don a iya shi. Da faransanci: entraînement.
hutu: tsayawa don jiki ya dawo da ƙarfi. Da faransanci: repos.
ƙwaƙwalwa: abin da ke cikin kai, mai tunani da ba da umurni. Da faransanci: cerveau.
tsoka: naman jiki mai jan ƙashi. Da faransanci: muscle.
gaɓa: mahaɗar ƙashi biyu, kamar gwiwa. Da faransanci: articulation.
daƙiƙa: minti 1 yana da daƙiƙa 60. Da faransanci: seconde.

TAMBAYOYI

1. Don me ƙanen ya yi kuka? Wane kuskure malam ya yi?
2. Me ya haɗa mai ginin rumbu da mai koyon wasa?
3. Faɗi hutu iri uku da ɗan wasa ke bukata.
4. Cikin ma'aikatan gidan waya, wane kashi ya fi saurin koyo? Don me suka yi ƙorafi?
5. Yaya za ka bambanta tsamin jiki da ciwo?
6. Abokinka ya ji jiri a fili da rana. Me za ka yi?
7. A wace shekara aka fara kokowar neman takobi, kuma a wane gari?

LISSAFI

1. Ana koyo kwana 5 cikin mako. Mai yin awa 1 a rana, mako nawa zai yi ya cika awa 60? Mai yin awa 4 fa?
2. Yarinya ta kwanta ƙarfe 11 na dare, ta tashi ƙarfe 6 na safe. Awa nawa ta yi barci? Awa nawa ta rasa kafin ta cika 9?
3. A tekwando, in an haɗa turmi uku da hutun da ke tsakaninsu, minti nawa ke nan?

AIKI

Ku kasu kashi biyu daidai. Ku aje bokiti, ku ja layi taku shida daga gare shi. Za a jefa ƙwallon tsumma da hannun da ba a saba da shi ba. Kashin farko: kowa ya yi jifa 60 a jere ran Litinin, shi ke nan. Kashi na biyu: kowa ya yi jifa 15 ran Litinin, 15 ran Talata, 15 ran Alhamis, 15 ran Juma'a. Litinin ta gaba kowa ya yi jifa 10, a ƙidaya waɗanda suka shiga. Ku rubuta jimlar kowane kashi a allo, ku tattauna abin da kuka gani.

A gida: ka tambayi wani tsohon ɗan kokowa ko ɗan dambe na unguwarku yadda suke shiri a zamaninsu, me suke ci, yaushe suke hutawa. Ka rubuta amsarsa cikin layi goma, ka karanta wa aji.